George Washington Carver: Bawan da ya koya wa talakawan Amurka kafa lambu a matacciyar ƙasa

A Amurka, da an ambaci sunan George Washington Carver abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne gyaɗa. Tun daga firamare ake koya wa yara a can cewa shi ne masanin kimiyya baƙar fata da ya tattara hanyoyi kusan 300 na sarrafa ta.

Sai dai shaharar gyaɗar ta riske shi ne a makare, bayan ya haura shekara 55. Aikin da ya cinye ƙarfinsa tun yana matashi shi ne bin ƙauyukan jihar Alabama yana lallashin talakawan manoma su ware ɗan fili a gefen gida su shuka kayan miya da ganyaye, a ƙasar da auduga ta riga ta tsotse wa ƙarfi.

A ganinsa, iyalin da ke cin abin da suka shuka da hannunsu sun kama hanyar fita daga bashi da kuma cuta. Shekara 47 ya yi yana wannan kira a makaranta ɗaya, daga 1896 har zuwa rasuwarsa a 1943.

An fanso shi da doki

An haifi Carver a wajajen 1864 a wata gona da ke kusa da ƙauyen Diamond a jihar Missouri, lokacin da ake tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Ba a rubuta ranar haihuwarsa ba, domin a wancan zamani ba kasafai ake damuwa da rubuta ta 'ya'yan bayi ba.

Mahaifiyarsa Mary baiwa ce a gidan wani manomi farar fata mai suna Moses Carver, wanda ya saye ta a 1855 a kan dala 700.

Yana cikin tsumma wasu mahara masu satar bayi suka afka wa gonar da dare suka yi awon gaba da shi da mahaifiyarsa. Moses ya tura wani mutum ya bi sawunsu. Jaririn kaɗai ya samo, aka biya shi ladan aikinsa da doki. Daga ranar ba a sake jin ɗuriyar Mary ba.

Da aka haramta bauta a 1865, Moses da matarsa Susan suka ci gaba da riƙon George da wansa James. George ya tashi da yawan laulayi, don haka aka ɗauke masa aikin gona mai nauyi. Sai ya zama yaron cikin gida: wanki da guga da girki da saƙa da kula da lambun Susan. Ita ce kuma ta fara koya masa karatu.

A wannan lokaci ne ya kafa lambunsa na farko, wani ɗan wuri a cikin daji wanda ya ɓoye wa kowa. Can yake kai tsirran da ya tono da waɗanda suka fara yaushi, yana sauya musu ƙasa, yana gwada rana da inuwa har su farfaɗo. Ba a jima ba maƙwabta suka fara kawo masa furanninsu da suka lalace, suka laƙaba masa likitan tsirrai.

Yawon neman ilimi

Makarantar ƙauyensu ba ta karɓar baƙaƙen fata. Yana ɗan shekara 11 zuwa 12 ya taka zuwa garin Neosho, mai nisan kimanin kilomita 13, inda akwai makarantar yara baƙaƙe.

A can ya sauka gidan Mariah Watkins, wata ungozoma da ta san sirrin saiwoyi da ganyayen magani. Zaman da ya yi da ita ya ƙara masa sanin cewa yawancin abin da mutane ke takawa a matsayin ciyawa yana da amfani.

Daga Neosho ya tsallaka jihar Kansas, yana bin gari gari, yana wankau da dafa abinci don ya biya kuɗin makaranta. A 1879, a garin Fort Scott, ya ga taron fararen fata sun kashe wani baƙar fata a bainar jama'a. Bai ƙara zama a garin ba.

Bayan ya gama sakandare, wata kwaleji a garin Highland ta ba shi gurbi ta wasiƙa. Da ya isa suka ga fatarsa, sai suka ce babu wuri.

A 1886 ya nufi yankin Ness da ke yammacin Kansas, inda gwamnati ke ba da fili ga duk wanda zai zauna ya noma. Ya gina ɗaki da tubalin ƙasa mai ciyawa, ya nome eka 17 ba tare da dabbar huɗa ba, ya shuka masara da kayan lambu da itatuwan marmari. Fari da tsananin sanyi suka hana shi cin moriyar wahalarsa, bayan kimanin shekara biyu ya bar wurin. Amma ya tafi da sanin abin da ake nufi da fara gona daga tushe ba jari ba mataimaki.

A 1890 ya shiga Kwalejin Simpson da ke jihar Iowa don koyon zane da kiɗan fiyano. Malamarsa ta zane, Etta Budd, ta lura kusan duk abin da yake zanawa tsirrai ne. Ta kuma san cewa da wuya baƙar fata ya ci abinci da zane a Amurkar wancan lokaci. Ita ta ba shi shawarar komawa kwalejin aikin gona ta jihar da ke garin Ames.

Ya shiga a 1891, ya zama ɗalibi baƙar fata na farko a makarantar. Ya yi digirin farko a 1894, na biyu a 1896, ya ƙware a cututtukan tsirrai, har aka ɗauke shi koyarwa.

Ƙasar da auduga ta kashe

A 1896 Booker T. Washington, shugaban makarantar Tuskegee da aka kafa a 1881 don ilmantar da baƙaƙen fata a Alabama, ya gayyace shi ya jagoranci sashen aikin gona a kan albashin dala 1,000 a shekara. Carver ya bar ɗakunan gwaji masu kayan aiki a Iowa ya amsa kiran.

Abin da ya tarar a kudancin Amurka ya girgiza shi. Shekara 30 bayan 'yanta bayi, akasarin baƙaƙen manoma ba su da ko taku ɗaya na fili. Suna noma ne a gonakin fararen fata bisa tsarin noma-mu-raba.

Mai gona ko ɗan kasuwar gari zai ba manomi iri da alfadari da abincin shekara bashi, da ruwa mai tsanani a kai, a biya da auduga idan kaka ta yi. Da yake auduga ce kaɗai ake karɓa, ita ake shukawa har bakin ƙofar ɗaki. Idan aka yi lissafi a ƙarshen shekara, sau da yawa bashin ne ke rinjaye, sai a ɗora shi a kan na baɗi.

Shuka abu ɗaya shekara da shekaru ya bar ƙasar fayau. Ruwan sama ya wanke ta sama mai albarka, ya bar jan yumɓu da yashi da kwazazzabai.

Cimar mutanen ma ba ta wuce abu uku ba: garin masara da kitsen alade da maɗin rake, duk daga kantin mai bin su bashi. Irin wannan ci ne ya yaɗa cutar felagira a yankin, wadda ke sa fata ta yi kirci, ta kawo gudawa, ta taɓa ƙwaƙwalwa, ta kuma yi kisa. Daga baya aka tabbatar rashin sinadarin bitamin B3 ne ke haddasa ta.

Ke nan manomi na zaune a tsakiyar gona amma yana cin bashi don ya ci abincin da ke sa shi ciwo. Wannan ita ce matsalar da Carver ya sa a gaba.

A 1897 majalisar jihar ta amince a buɗe tashar gwajin noma a Tuskegee, da kasafin dala 1,500 kacal a shekara. Filin da aka ba shi eka 10 ne, kuma gajiyayyar ƙasa ce irin ta manoman da yake son taimaka wa. Kayan ɗakin gwajinsa na farko ma daga juji shi da ɗalibansa suka tsinto su: tsofaffin kwalabe da gwangwanaye da fitilu.

Yadda yake koyar da kafa lambu

Da farko Carver ya zo da irin shawarar da ya koyo a Iowa, wato a sayi takin zamani a kuma yi huɗa mai zurfi da garmar dawaki biyu. Bai daɗe ba ya gane cewa mutumin da alfadari ɗaya gare shi, shi ma na aro, ba zai iya ko ɗaya daga ciki ba. Daga nan ya karkata ga abin da talaka zai samu ba tare da ya fitar da ko sisi ba.

Matakin farko a wurinsa shi ne ciyar da ƙasa kafin a nemi ta ciyar da mutum. Ya yi ta hana manoma ƙona ganyaye da karmami, yana nuna musu cewa taki ne suke mayarwa hayaƙi.

Ya koya musu su kafa shinge su zuba amalanke biyu na busassun ganye da baƙar lakar fadama, su ɗora amalanke ɗaya na kashin dabbobi, su yi ta jerawa haka har wurin ya cika, sannan a yi masa rumfa don kada ruwan sama ya wanke shi. Tokar murhu da sharar tsakar gida da ɓawon kayan miya duk ciki suke shiga. Bayan wasu watanni sai tarin ya ruɓe ya koma baƙin taki mai laushi, wanda ke riƙe danshi a ƙasa mai yashi, ya kuma sassauta mai yumɓu.

Mataki na biyu shi ne sauya shuka. Ya matsa wa manoma su riƙa sa wake a filin da ya gaji. Dalili kuwa shi ne a saiwar wake da gyaɗa akwai wasu 'yan ƙulle-ƙulle da ƙwayoyin halitta ke zama a ciki, suna jawo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka. Wannan sinadari shi ne auduga ta fi ƙwalƙulewa. Ga shi kuma iyali za su ci waken, dabba ta ci harawar.

Waken da yake magana a kai shi ne dai wanda ake nomawa a ƙasar Hausa. Asalinsa daga Afirka ne, kuma ta hanyar cinikin bayi ya tsallaka teku, kamar yadda kuɓewa ta yi. Mutanen da Carver ke wa huɗuba jikokin waɗanda suka zo tare da waɗannan iri ne.

Mataki na uku shi ne kada lambu ya kwanta. Da yake sanyin Alabama bai kai na arewacin Amurka ba, ya nuna cewa ana iya samun abin tsinka kusan duk shekara: tumatir da kuɓewa da kabewa da dankalin Hausa a lokacin zafi, kabeji da albasa da ganyayen miya a lokacin sanyi.

Na huɗu shi ne adana rara. Ya koya wa mata shanya kayan lambu da na marmari da kuma dafa su a rufe a kwalba, don abin da ya yi yawa da kaka ya kai su har lokacin da babu.

Bai tsaya ga abin da aka shuka ba. Yakan zaga da ɗalibai bakin hanya da gefen rafi yana nuna musu ganyayen daji da ake ci da waɗanda ake magani da su. Yakan kuma nace a dasa furanni a ƙofar gida, har ya haɗa fenti mai araha daga yumɓun yankin don talaka ya shafe ɗakinsa. Shi kansa ba a ganinsa ba tare da fure a maƙale a gaban kwat ɗinsa ba.

Ya kan yi wa manoma wani lissafi mai sauƙi: wanda ya ajiye santi biyar a kowace ranar aiki, zai tara dala 15 da santi 65 a shekara, kuɗin da a lokacin ya isa sayen eka uku. Lambu shi ne hanyar samun rarar santi biyar ɗin, tunda abin da aka tsinko a bayan ɗaki ba a ci bashinsa a kanti ba.

Makaranta a kan keken doki

Manoman da suka fi buƙatar wannan ilimi ba su iya zuwa Tuskegee, da yawansu ma ba su iya karatu ba. Don haka Carver ya riƙa fita ƙauyuka a ƙarshen mako, yana tare mutane a bakin coci bayan an tashi, da kayan gwaji a hannunsa. Yakan raba irin kayan lambu kyauta, wanda yake samowa daga ma'aikatar gona ta tarayya, inda tsohon malaminsa na Iowa, James Wilson, ke minista.

A 1906 aka faɗaɗa aikin da wani keken doki da Carver ya tsara, wanda wani attajirin New York mai suna Morris Jesup ya ɗauki nauyinsa. An loda masa garma da iri da kayan tatsar madara da samfurin kayan lambu. Wani tsohon ɗalibin makarantar, Thomas Campbell, shi ke yawo da shi, kuma shi ne ya zama malamin gona baƙar fata na farko da gwamnatin tarayya ta ɗauka. A watannin farko keken na kai wa ga kimanin mutum 2,000 a wata.

Ba lacca ake yi ba. A gonar mutum ake tsayawa, a yi huɗa a gabansa, a haɗa taki, a tayar da fangali, maƙwabta na kallo.

Carver ya kuma wallafa ƙananan littattafai 44, ana raba su kyauta. Ya rubuta su da sauƙaƙan kalmomi, kuma yawancinsu sun haɗa yadda ake shuka abu da yadda ake dafa shi, domin ya san idan uwargida ba ta san yadda za ta sarrafa abu ba, maigida ba zai sake shuka shi ba. Na 1905 ya yi bayanin farfaɗo da gajiyayyar ƙasa. Na 1916 ya kawo hanyoyi 105 na cin gyaɗa, na 1918 kuma hanyoyi 115 na sarrafa tumatir.

Inda lambu ya kasa

Duk da wannan ƙoƙari, Carver bai ga sauyin da ya yi fata ba. Matsalar ba ta taki ba ce kawai, ta mallakar ƙasa ce.

Manomin da ke zaman haya ya san idan ya kashe shekara uku yana gyara fili, mai gona na iya ƙara masa kuɗi ko ya kore shi. Wasu masu gonakin ma ba su yarda a ware ko kunya ɗaya ga abin da ba auduga ba, tunda ribarsu na cikin abincin da suke sayar wa manomin bashi. Ga dokokin wariyar launin fata da suka hana baƙaƙe zaɓe da samun adalci a kotu.

Waɗanda suka fi cin gajiyar koyarwarsa su ne 'yan tsirarun da ke da filin kansu. Sauran da yawa sun tattara nasu ya nasu suka yi arewa. Tsakanin wajajen 1910 da 1970, baƙaƙen fata kimanin miliyan shida ne suka bar kudancin ƙasar zuwa birane irin su Chicago da Detroit da New York.

A cikin makarantar ma bai sha da daɗi ba. Gwani ne a aji da ɗakin gwaji, amma ba ya son aikin ofis da lissafin kaji da shanun makaranta. Wannan ya sa suka yi ta samun saɓani da Booker T. Washington, har ya sha yin barazanar ajiye aiki. Bai tafi ba, kuma bayan rasuwar Washington a 1915 aka rage masa nauyin da ba ya so.

Yadda gyaɗa ta rufe sauran aikinsa

A wajajen 1910 wani ƙwaro mai cin ƙwallon auduga, wanda ya shigo Amurka daga Meziko, ya iso Alabama ya yi mummunar ɓarna. Dole manoma suka nemi madadi, gyaɗa ta samu kasuwa.

A watan Janairun 1921 ƙungiyar masu harkar gyaɗa ta tura Carver gaban wani kwamitin majalisar wakilai a Washington don neman a sa haraji a kan gyaɗar da ake shigowa da ita. Minti goma aka ba shi. Da ya fara fito da madara da man shafawa da alewa da sauran abubuwan da ya haɗa daga gyaɗa, 'yan majalisar suka yi ta ƙara masa lokaci. An sa harajin, shi kuma sunansa ya karaɗe jaridu.

Daga nan lambobin yabo suka biyo baya, ciki har da lambar Spingarn a 1923. Ya yi abota da attajirin motoci Henry Ford, wanda har ya sa aka kafa masa na'urar hawa bene a gidan da yake zaune lokacin da tsufa ya kama shi.

Shaharar ta zo da ƙarin gishiri. Har yau akwai masu cewa shi ya ƙirƙiro tunkuzar gyaɗa da Amurkawa ke shafa wa burodi, alhali an riga shi. Kaɗan ne daga cikin abubuwan da ya haɗa suka shiga kasuwa, kuma guda uku kawai ya yi wa rajistar mallaka. Tausa da man gyaɗa da ya yi wa masu shan inna a shekarun 1930 ma ba a tabbatar man ne ke warkarwa ba.

Abin da ya fi tsayawa da ƙafarsa a yau shi ne wancan aiki na farko. Takin gargajiya da sauya shuka da rufe ƙasa don hana zaizaya da cin abin da ke kusa, su ne ginshiƙan abin da masana ke kira noma mai ɗorewa, kuma Carver ya koyar da su tun lokacin da hankalin duniya ke kan takin zamani.

Bai taɓa barin batun ba. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu kuma ana kiran Amurkawa su kafa lambuna a gidajensu saboda ƙarancin abinci, ya fitar da littafi a kan ganyayen daji da iyali za su iya ci kyauta. Yana daga cikin na ƙarshe da ya rubuta.

Rasuwarsa

Carver bai yi aure ba, bai kuma bar 'ya'ya ba. Ya rayu a ɗakunan makaranta, yana sa tsofaffin tufafi, yana tashi da asuba ya shiga daji ya dawo da tsirrai a hannu.

A ƙarshen rayuwarsa ya faɗo daga matakalar bene, jikinsa bai sake komawa daidai ba. Ya rasu ranar 5 ga Janairun 1943 yana da kimanin shekara 78, aka binne shi a harabar Tuskegee kusa da kabarin Booker T. Washington.

Duk abin da ya tara, kimanin dala 60,000, ya bar wa gidauniyar da ya kafa a 1940 don ci gaba da binciken noma a makarantar.

A watan Yulin shekarar da ya rasu, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar mayar da gonar da aka haife shi wurin tarihi na ƙasa, karo na farko da aka yi wa baƙar fata haka a Amurka. Masu ziyara a yau suna bin wata siririyar hanya cikin dajin da ke gonar, inda aka kafa mutum-mutuminsa yana yaro, zaune a kan dutse da ɗan tsiro a hannu.